Harbi a Wutsiya Bai Fi Kuskure Ba: Yadda Maharbin Bargu Ke Zaɓen Bindiga da Harsashi

Bahaushe ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. A kasuwa ko a gona maganar tana nan daram, domin samun kaɗan ya fi dawowa hannu rabbana. Amma akwai mutum guda da idan ka kawo masa wannan karin magana zai girgiza kai, wato tsohon maharbin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bin sawun gwanki da ɓauna cikin dazuzzukan da ke tsakanin Parakou da Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin. A wurinsa kuskure abu ne mai sauƙi: dabba ta razana ta tsere da lafiyarta, shi kuma ya yi asarar harsashi ɗaya. Harbin wutsiya ko na cinya ko na tumbi shi ke hana shi barci, domin ya saki baiwar Allah cikin daji da rauni, ƙuda na bin ta kwana biyu ko uku kafin ta faɗi a inda ba mai cin moriyarta sai kura da ungulu. Duk abin da wannan mutum ya sani game da nauyin bindiga da ƙarfin albarushi da irin harsashi, ya koye shi ne don kada hakan ta faru a hannunsa. Ilmi ne mai zurfi da tsari, ya kuma isa a zauna a saurare shi da ladabi.

Garuruwan nan biyu ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Djougou, wadda fatakenmu ke kira Zugu, tana kan tsohuwar hanyar Gwanja, inda a da ayarin jakuna ke ratsawa daga Kano da Katsina ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi da jemammun fatu, su komo da goron Salaga. Har yau Dendanci da Hausa na gudana a bakin 'yan kasuwarta. Parakou kuwa ita ce hedkwatar jihar Borgou, wato Bargu. Nan layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tuƙe, nan kuma babbar kasuwar Arzeke take. Tsakaninsu tafiyar kilomita wajen 135 ce. A kan hanya, a garin Bétérou, matafiyi zai ƙetare kogin Ouémé, wanda ya faro daga duwatsun Taneka da ke kusa da Zugu. Arewa da hanyar akwai gandun dajin Ouémé na sama, kudu da ita akwai na Wari-Maro da na duwatsun Kouffé. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, ciyawar gamba kan shanye mutum a tsaye da kaka, sai hunturu ya shigo wuta ta ratsa, ƙasa ta buɗe, sabon tsiro ya fito, namun daji su sauko kiwo. A nan wannan sana'a ta yi makaranta.

Ƙasar Bargu tun asali ƙasar 'yan baka ce. Kibiyar Bargawa mai dafin kwankwani ta sa maƙwabta shakkar taka musu ƙasa shekaru aru-aru. Ko Lugga, tun yana kyaftin, ya ɗanɗana ta: a tafiyar da ya yi ta tsere da Faransawa zuwa Nikki a 1894, kibiya ta same shi a ka. Baka ta bar wa maharbin wannan ƙasa gadon da bindiga ba ta shafe ba, wato iya kusantar dabba. Mai baka dole ya san inda iska ta dosa, ya san takun da ba ya karya kara, ya iya rarrafe da ciki har ya ji tuƙar dabba. Da bindiga ta hauro daga bakin teku, hannun da ya riga ya san wannan ta faɗa. Yau iri uku ake gani a yankin. Akwai adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka ko harbi-ka-ruga, ƙirar maƙeran gida, da ake ɗura ta ta baki. Akwai mai lamba 12, mai baki ɗaya ko biyu, irin su Baikal ta Rasha da Simplex ta kamfanin Manufrance na Faransa. Sai kuma karabin, mai murɗaɗɗen tsagi a cikin bututunta, wadda aka fi gani a hannun jagororin farauta masu lasisi a yankunan da ke kewaye da gandun Pendjari da na W.

Dabba ce ke zaɓen bindiga

Sabon shiga yakan fara da tambayar wace bindiga ce ta fi. Gwani yakan fara da tambayar wace dabba za a nema, a wane irin daji, daga nisan taku nawa. Gada 'yar kilo goma sha ce, fatarta sirit. Mariya namiji kan kai kilo 90 ko ya ɗara. Kanki na iya dosar kilo 200. Gwanki kuwa, wanda ake wa kirari da sha-bara, namijinsa kan kai kilo 250 zuwa 300, ga kaurin fata a wuya da kafaɗa, ga ƙashi mai ƙwari, ga zuciya. Idan ya ji rauni ba ya miƙa wuya. Yakan juyo ya tari mai bin sa da ƙahonin nan nasa masu lanƙwasa baya kamar lauje. Ɓaunar yammacin Afirka ba ta kai ta kudancin nahiyar girma ba, amma halinsu ɗaya: idan aka raunata ta sai ta shige duhuwa ta laɓe tana jira. Abin da zai kayar da gada nan take, ga gwanki tsokana ce kawai. Abin da ya dace da ɓauna kuma zai ragargaza naman gada har ba a tsinci na miya ba.

Wannan lissafi ba na Bargu kaɗai ba ne. A yammacin Amurka, cikin duwatsun jihohin Kolorado da Montana da Idaho, akwai wata ƙatuwar dabba dangin barewa da suke kira elk, mai ƙahoni kamar rassan itace, wadda namijinta kan wuce kilo 300. Girmanta da na gwanki kusan ɗaya ne, taurin ransu ma haka. Masu farautarta kan hau duwatsun da tsayinsu ya kai mita 3,000 a ƙafa, da guzurin kwanaki a baya, shi ya sa kowace shekara ba su da zance sai na bindiga maras nauyi da harsashin da ya dace da ita. Maharbin Zugu bai taɓa ganin ƙanƙara ba, amma da za a zaunar da shi da na Montana, da tafinta a tsakani, da sun gane juna tun kafin shayi ya huce, domin tambaya ɗaya suke amsawa: yaya za a yi bindiga ta yi wa ƙafa sauƙi, ta yi wa kafaɗa adalci, ta kuma gama da babbar dabba da harbi guda?

Nauyi da shuri

Wanda ya fita da asuba ya yini yana taka ƙonannen daji cikin zafin watan Maris ya san cewa bindigar da ya saɓa da safe kamar sanda, da la'asar ta zama taɓarya. Hannun da ya gaji yakan yi rawa, numfashi ya yi sama, saiti ya watse. Don haka son bindiga maras nauyi ba ragwanci ba ne, hankali ne. Sai dai ciniki ne, kuma kowane ciniki da farashinsa. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke turo bindiga baya, nauyin bindigar kuma shi ke shanye wannan shuri kafin ya iso kafaɗa. Lissafin a fili yake: idan aka rage bindiga daga kilo 4 zuwa kilo 3, harsashi bai sauya ba, zafin shurin zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Bayan haka bindiga maras nauyi ta fi saurin kaɗawa a hannu, siririn bututunta kuma ya fi saurin ɗaukar zafi.

Illar shuri ba ta tsaya a ciwon kafaɗa ba. Jiki yana da wayo. Da zarar ya sha naushi sau uku, sai ya fara kare kansa tun kafin bindiga ta tashi. Ido ya runtse, kafaɗa ta zabura, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Mutum bai ma san yana yi ba, sai dai ya ga harsashi ya sauka taƙi biyu daga inda ya nufa. Daga nan harbin tumbi ke fitowa. Manyan maharba suna da hanyar kama wannan cuta. Uban gida zai miƙa wa yaronsa bindiga ya ce ya harbi kututture, alhali bai ɗura komai a ciki ba. Idan kunama ta sara, baki ya dunkuya ƙasa, to asiri ya tonu. Sai ya dafa shi ya ce, “Yaro, tsoronta kake ji, mu koma kan ƙarama tukuna.” Yaro ya ce, “To, Baba.” Ba a ƙara kai shi gaban babbar dabba sai ranar da kunama ta sara bututu bai motsa ba. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan horo ita ce mutum ya ɗauki mafi sauƙin bindigar da zai iya harbawa ido buɗe, kada ya gangara ƙasa da haka. Ga yawancin maza, karabin mai kilo uku da rabi, har da madubin saiti da maratayi, ita ce tsaka-tsakin da ke biyan bukatar gwanki da kanki.

Gwani kuma ba ya auna bindiga da sikeli kawai. Yakan rufe ido ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, sannan ya buɗe. Idan ya tarar idonsa na kan layin saiti, kumatunsa ya zauna daidai, to gindin ya yi masa; idan sai ya miƙa wuya ko ya noƙe, ba tasa ba ce, ko da zinariya aka yi mata ado. Shi ya sa za ka ga tsohuwar bindiga an rage mata gindi ko an ƙara mata fata, an sassaƙe ta har ta zama kamar gaɓa a jikin mai ita.

Abin da ke cikin kwanso

A bakin jama'a komai harsashi ne, amma maharbi yana rarrabewa. Akwai kwanso, akwai 'yar hular da ke gindinsa wadda ake sara wuta ta tashi, akwai albarushi, sannan akwai harsashin kansa, wanda shi kaɗai ke isa ga dabba. Sunan lamba 12 ma daga dalma ya samo asali: idan aka raba dalma mai nauyin laba ɗaya, wato giram 454, gida goma sha biyu, aka mulmula kowane kashi, ƙwallo ɗaya zai cika bakin bindigar cif, faɗin kusan milimita 18 da rabi. Abin da ya sa wannan bindiga ta mamaye ƙauyukan yammacin Afirka shi ne bututu ɗaya na ɗaukar kaya iri uku. Akwai kwanso mai ƙananan ƙwayoyi kamar dawa, na zabo da fakara da zomo. Akwai mai manyan ƙwayoyi tara kamar gurjiya, na gada da makamantanta, muddin nisa bai wuce taku talatin ba. Sai mai dunƙule guda, nauyin giram 28 ko fiye, irin wanda Bajamushe Wilhelm Brenneke ya ƙirƙiro a 1898. Wannan na ƙarshe shi kaɗai ne ya cancanci a nuna wa babbar dabba, shi ma a kusa, domin yana da faɗi da nauyi, iska na cin gudunsa da wuri, bayan mita sittin ko saba'in ya fara sunkuyawa.

A nan ake gane maharbi na ƙwarai. Ya fito neman zabi, ƙananan ƙwayoyi ne a bindigarsa, sai ga gwanki tsaye a gindin kaɗanya, taku arba'in. Wanda bai san darajar rai ba zai saki wuta, ya watsa wa dabba dalma a fata da ido, ta tafi tana ruɓewa. Gwani zai sauke bindiga ya tsaya yana kallon ikon Allah har dabbar ta wuce.

Karabin duniya ce daban. Murɗaɗɗen tsagin da ke cikin bututunta yana sa harsashi juyawa kamar katantanwar yara, juyawar nan ce ke riƙe shi ya tafi da tsininsa gaba har ɗaruruwan mitoci. Manyan kwansunanta tsofaffi ne da zamani ya gwada ya yarda da su. Akwai .30-06, wanda sojan Amurka suka ɗauka a 1906. Yana jefa harsashi mai giram 11.7 da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa, kuma idan an daidaita saiti a mita 200, a mita 300 faɗuwarsa ba ta wuce taƙi guda da 'yan yatsu ba. Akwai .308 Winchester na 1952, wanda kwansonsa ya fi gajarta, don haka ake ƙera masa bindiga gajera maras nauyi, ƙarfinsa kuma bai yi nisa da na yayansa ba. Waɗannan biyu sun kayar da elk da gwanki ba iyaka. Akwai masu gudu fiye da haka, irin .300 Winchester Magnum na 1963, masu amfani a buɗaɗɗen fili, amma a saka su cikin bindiga mai kilo uku, sai shuri ya cinye ribar gudun. A dajin doka, inda da wuya a hangi dabba fiye da mita 150, wannan ƙarin gudu kaya ne da ba a bukata.

Inda ɓauna take kuwa, lissafi ya sauya. A 1905 wani maƙerin bindiga na Balin mai suna Otto Bock ya fito da 9.3x62 saboda Jamusawan da ke zaune a Afirka: harsashi mai giram 18 da rabi, gudu matsakaici, cikin bindigar Mauser ta yau da kullum. A 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375, mai harsashin giram 19 da ɗoriya, wanda ƙasashen Afirka da dama suka mayar mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a tunkari dabba mai haɗari da shi. Irin waɗannan ba a neman rage musu nauyi. Kilo huɗu zuwa huɗu da rabi shi ne hakkinsu, wanda kuma ya ga ba zai iya ɗauka ba, to ɓauna ba tasa ba ce.

Harsashi shi ne mai aikin

Bindiga da kwanso 'yan rakiya ne; harsashi ne ke shiga ɗaki. Ana son ya yi abu biyu da ke jayayya da juna: ya buɗe baki kamar laimar kwaɗi don ya yi faffaɗan rauni, ya kuma riƙe jikinsa don ya ratsa fata da tsoka da ƙashi har ya kai huhu da zuciya. Mai taushi da yawa yakan tarwatse a kan kafaɗa, ya bar mummunan gyambo a waje, ciki lafiya lau. Na soja, wanda aka lulluɓe da ƙarfe har tsini, yakan wuce fit kamar allura, dabba ta yi tafiyar kilomitoci kafin ta gane an harbe ta. Duka biyu harbin wutsiya ne da wani suna.

Wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya sha wannan takaici a 1946 a Kanada, lokacin da harsasansa suka kasa ratsa kafaɗar wata ƙatuwar dabba da taɓo ya bushe a jikinta. Ya koma gida ya ƙera harsashi mai ɗaki biyu da katanga a tsakani: na gaba ya buɗe, na baya ya tsaya da nauyinsa ya ci gaba da turawa. A 1948 ya fara sayar da shi, har gobe kuma da shi ake auna sauran. Daga baya aka sami waɗanda ake narka dalmarsu ta manne da rigar, sannan a ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Barnes ya fito da na jan ƙarfe zalla, wanda ke buɗewa kamar fure ba ya zubar da komai. Wannan yana da wata fa'ida: ba ya barin ɓarɓashin dalma a naman da iyali za su ci, ko a kayan cikin da ungulu za ta sauka a kai, ga shi kuwa ungulu na ƙarewa a yammacin Afirka. Dokar da gwanaye suka yi ittifaƙi a kai ita ce, ga babbar dabba a ɗauki harsashi mai nauyi da tsawo gwargwadon bakin bindigar, mai ƙwarin jiki, domin dogon ƙusa ya fi gajere nitsewa cikin itace.

Musulmin maharbi yana da ƙarin dalili. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, da ke cikin Buhari da Muslim, an bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da faɗinsa: na farko halal, na biyu mushe. Malaman Malikiyya na baya sun yi fatawar halaccin abin da harsashin dalma ya kashe, saboda yana hudawa ya zubar da jini, da sharaɗin an ambaci sunan Allah lokacin harbi, idan kuma an tarar da dabba da sauran rai a yanka ta. Addini ya kuma yi umarni da kyautatawa ko a wajen kisa. Ke nan zaɓen harsashin da zai ratsa ya gama aiki nan take ibada ce kafin ya zama gwaninta.

Mai adaka, mai haɗa kwansonsa da hannu

Duk wannan lissafi da masana'antun Turai da Amurka ke yi da injina, mai adaka da yatsunsa yake yin sa, a kowane harbi. Shi ke auna albarushi daga ƙahon da yake adana shi don kada raɓa ta taɓa, shi ke danna matoshi, shi ke zaɓen abin da zai bi baya, ƙanana ko dunƙule, gwargwadon abin da ya fito nema. Idan ya zura sandar ɗuri, tsawon da ya rage a waje yake karantawa da faɗin yatsu, ya san ko ɗurin ya yi daidai. Ya san halin bututunsa kamar yadda mai doki ya san halin dokinsa, ya san iyakar da idan ya wuce ƙarfen zai fashe ya tafi da yatsu ko ido, don kuwa an sha ganin haka a hannun masu gaggawa. Harbi ɗaya gare shi, hayaƙi ya rufe masa gaba, sake ɗuri kuma sai an ɗauki lokaci. Daga nan sunan harbi-ka-ruga ya fito. Wanda ke da harbi ɗaya tak ba ya wasa da shi. Zai saki toka daga 'yar jaka ya ga inda iska ta kai ta, ya zagaya ya biyo ta ƙarƙashin iska, ya yi rarrafe rabin sa'a don ya rage taku ashirin. Abin da bindigarsa ta rasa a nisa, ƙafarsa da haƙurinsa sun biya.

Ko da wace bindiga ce, wurin da ake nema ɗaya ne: bayan kafaɗa kaɗan, a kashi ɗaya cikin uku na ƙasan ƙirji, inda zuciya da huhu suke. Faɗinsa a jikin gwanki bai wuce faifai ba. Saboda haka gwajin gaskiya shi ne a rataya faifai a yi ta ja da baya. Nisan da mutum ke iya samun sa kowane harbi, a tsugune ko a jingine da itace, yana haki bayan tafiya, shi ne iyakarsa, ko me aka rubuta a kwalin harsashi. Bayan harbi ma karatu bai ƙare ba. Jini ja wur mai kumfa na huhu ne, dabba tana kusa. Mai duhu na hanta ne, a ba ta lokaci ta kwanta. Wanda ya gauraya da ciyawa na tumbi ne, a nan maharbi yakan yi istigfari ya ɗaura niyyar bin sawu ko zai kwana a daji, domin barin raunanniyar dabba abin kunya ne a tsakanin maharba.

Dajin da zai gāji ilmin

Gaskiya ɗaya mai ɗaci ita ce dajin ya ragu. Gonakin auduga da doya da kashu sun ci gefen gandaye, masu gawayi da masu katako sun shiga, farautar taron dangi ta rani, wadda ba ta bambanta mace da namiji ko babba da ƙarami, ta share wurare da yawa. Gwanki da ɓauna sun ja baya zuwa arewa, wajen gandun W da aka kafa a 1954 da na Pendjari da ya zama gandun ƙasa a 1961. A 2017 hukumar UNESCO ta saka haɗakar W da Arly da Pendjari cikin kayan gadon duniya, a shekarar kuma ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da Pendjari, ta ƙara da ɓangaren W na Benin a 2020. Dokar namun daji ta ƙasar, mai lamba 2002-16 ta 18 ga Oktoba 2004, ta raba dabbobi kashi-kashi, akwai waɗanda ba a taɓa su sam, akwai waɗanda sai da izini, a lokacin da aka buɗe farauta. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi iyakar arewa a 'yan shekarun nan, wadda ta sa riƙe bindiga ba takarda ya zama jefa kai cikin halaka.

Amma daji yana farfaɗowa idan an ba shi dama. A farkon ƙarni na 20 elk ta kusa ƙarewa a Amurka, ba ta kai dubu 100 ba. Yau ana batun wajen miliyan guda. Cikin abubuwan da suka dawo da ita akwai dokar 1937 da ta ɗora haraji a kan bindigogi da harsasan farauta, aka zuba kuɗin a raya namun daji, da kuma yardar mafarauta su bi lokaci da adadi. Maharban Bargu da Zugu ba sa bukatar a koya musu wannan daga waje, domin yana cikin tarbiyyar da suka gada: ba a harbin mai ciki, ba a harbin mai shayarwa, ba a ɗaukar abin da ya wuce bukata, tsohon namijin da ya gama haihuwa ake nema.

Kira na ga sarakunan baka da dattawan maharba na Parakou da Djougou da sauran zangunanmu shi ne su zaunar da samari su ba su ilmin nan cikakke, tun daga auna iska har zuwa sanin ranar da ake sauke bindiga. Ku kuma samari, ku nemi lasisi, ku kiyaye lokacin da hukuma ta tsayar, ku gwada kanku a kan faifai kafin ku gwada a kan mai rai, kada ku ɗaga bindiga ga dabbar da harsashinku bai isa ya kayar ba. Wanda ya dawo gida da kwansonsa cikakke saboda bai sami harbin da ya gamsu da shi ba, a yi masa barka da zuwa irin ta gwanaye, domin shi ne maharbi, kuma saboda irinsa ne jikokinmu za su ga gwanki da idonsu.